Sandar istabilaiza mai kauri nawa ta dace da BMW E46 a titunan Zariya?

Tambayar ta fito daga wani matashi mazaunin Samaru. Yana da BMW 330i, ƙirar E46 ta 2003, 'yar Baljiyam. Ya ce motar tana kwanciya gefe guda idan ya shiga kwana da ɗan gudu, kuma a hanyar Kaduna yana jin bayanta na rawa ko da hanya a miƙe take. Ya auna sandunan istabilaiza da ke jikinta, ya samu ta gaba milimita 23, ta baya 18. Mai kawo masa kaya daga waje ya ajiye masa zaɓi biyu: 27 da 21 na dunƙulallen ƙarfe, ko 30 da 25 masu rami a ciki. Yana kuma sha'awar sifirin da zai saukar da motar ƙasa. Wanne zai saya, kuma da me zai fara?

Ƙanena, cikin biyun nan da aka ajiye maka, 27 da 21 ne naka, kuma ka nemi masu huji biyu ko uku a bakin hannunsu domin ka iya sassautawa. 30 da 25 ka bar wa masu filin tsere. Sifirin saukar da mota kuwa, in dai a Zariya za ka riƙa hawanta kullum, ka cire shi daga ranka. Sai dai kada ka tura wa mutumin kuɗi tukuna, domin ƙorafi biyu ka kawo, kuma sanda ba ta maganin na biyun ko kaɗan. Na farkon ma ina zargin rabinsa ba laifinta ba ne.

Ka leƙa ƙarƙashin motar ka ga yadda abin yake. Sanda ce ta ƙarfen sifirin, an lanƙwasa bakunanta biyu sun zama hannuwa. Bushin biyu ne ke riƙe da tsakiyarta a jikin mota, kowane hannu kuma linkej ya haɗa shi da ƙafa ɗaya. Idan tayoyin biyu suka hau sama tare, kamar a tudun rage gudu da ka tunkara kai tsaye, juyawa kawai sandar ke yi cikin bushin ɗinta, ba ta hana komai. Sai taya ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, sannan take murɗewa ta yi gardama. A kwana haka ake so: ɓangaren waje ya danne, na ciki ya ɗago, sanda ta ƙi yarda, mota ta rage kwanciya. Inda gizo ke saƙar shi ne, sanda ba ta san bambancin kwana da rami ba. Tayar dama ta faɗa rami, a wurinta kwana aka shiga, sai ta fizgo tayar hagu da gangar motar duka su ji a jikinsu. Shanun huɗa ne a ƙarƙashin karkiya ɗaya, in ɗaya ya zurma wuyan ɗan'uwansa ya sani.

Masu ba da shawara daga Jamus ko Amurka ba sa saka wannan a lissafi, mu kuwa dole mu saka. Babban titin Kaduna zuwa Kano, inda aka gyara shi, zai ɗauki sanda mai kauri ba tare da ka ji komai ba. Amma ai ba a can kake kwana ba. Kullum sai ka sauka daga kwalta ka shiga layin gidanku, ka bi gefen titi da ruwan damina ya zaizaye, ka kauce wa mai Keke Napep da taya ɗaya a ƙasa ɗaya a kan kwalta. Hatta tudun rage gudu, mai ƙaramar mota a garin nan a karkace yake hawansa don kada ƙasanta ya taɓa, wato taya ɗaya bayan ɗaya, wanda shi ne ainihin motsin da sanda ke yaƙa. Kuma ba jin daɗin zama kaɗai ake rasawa ba. A kwanar da ke da gargada, ƙafar da aka ɗaure da sanda mai tauri ba ta iya bin ƙasa, taya sai ta riƙa tsalle, kuma tayar da ke sama ba ta riƙe da komai.

Yanzu ka gane dalilin da na ce rawar baya a miƙaƙƙiyar hanya ba ta sanda ba ce. A E46 wannan rawar sananniya ce, kuma galibi daga wurare biyu take zuwa: shokozoba na baya da suka mutu, da bushin ɗin da ke gaban dogon hannun ƙafar baya, wanda ke shiga wani akwati a jikin mota gaban taya. In wannan bushin ya ruɓe, tayar baya takan ɗan juya da kanta duk lokacin da ka taka totur ko ka saki, sai ka ji kamar wani ne ke riƙe da wani sitiyarin a baya. Motar da ta haura shekara ashirin, in ba ka da tabbacin an taɓa canza shi, ka ɗauka ya mutu. Ka ɗora wa irin wannan motar sandar baya mai kauri, ka ƙara wa bayan da dama yake yawo saurin zamewa ke nan.

Mu koma kan lambobin, don a nan ne mai sayarwa ke cin kasuwarsa. Mutum yana jin 23 zuwa 27 sai ya ce ai milimita huɗu ne kacal. Taurin sanda wajen murɗewa ba ya bin kauri ɗaya bayan ɗaya. Ana jera kaurin ne sau huɗu a ninka. 23 sau 23 sau 23 sau 23 ya ba ka 279,841. Ka yi wa 27 haka, ka samu 531,441. Ka raba na biyu da na farko, 1.9 ke nan, wato taurin ya kusa ninkawa. A baya, 18 yana ba da 104,976, 21 kuma 194,481, ƙarin kusan kashi 85 cikin 100. Ka lura da abin da ya faru: gaba ya ƙaru da kashi 90, baya da kashi 85, sun tafi kusan kafaɗa da kafaɗa. Wannan ne ya sa na zaɓa maka su. Halin da injiniyoyin BMW suka gina wa motar bai canza ba, kwanciya ce kawai ta ragu.

Masu rami a ciki lissafinsu daban ne, kuma ba za ka iya yin sa ba sai an gaya maka kaurin bangon bututun. Ana jera faɗin waje sau huɗu a ninka, a yi wa faɗin ramin haka, a cire na biyu daga na farko. Mu ƙaddara bangon milimita 4 ne. Sandar 30 raminta 22 ke nan: 810,000 a cire 234,256, saura 575,744, daidai da dunƙulalliyar sanda mai kauri 27.5. Ka ga a gaba babu wani bambanci mai yawa da 27, sai dai rashin nauyi. Amma dubi baya. Sandar 25 raminta 17: 390,625 a cire 83,521, saura 307,104. Ka gwada da 104,976 na wadda ke jikin motarka, ya kusa ninki uku. Gaba ya ninka biyu, baya ya ninka uku. Ba kaurin ne ke ba ni tsoro ba, wannan ratar ce. In kuwa mai kayan bai san kaurin bangon ba, to bai san abin da yake sayarwa ba, kai ma ba ka san abin da kake saye ba.

Me ya sa ratar ke da haɗari? Akwai abin da yawancin masu gyaran mota don gudu ba su yarda da shi ba sai an zauna da su da biro da takarda: sanda ba ta rage nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana. Wannan nauyin abu uku ne ke yanke shi, nauyin motar, da tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, da tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama. Motarka ta kai wajen kilo 1,500, cibiyar nauyinta kamar rabin mita daga ƙasa, tazarar tayoyinta kusan mita ɗaya da rabi. A kwana mai tsanani, wadda ƙarfin da ke tura motar gefe ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinta, kilo 400 ne ke tashi daga tayoyin ciki ya koma na waje. Ko ka sa sanda mai kaurin taɓarya, 400 ɗin nan na nan. Abin da sanda ke yi shi ne rabon kayan: nawa gaba zai ɗauka, nawa baya zai ɗauka. Ɓangaren da ya fi tauri shi ke ɗaukar kaso mafi yawa.

Taya kuma tana da wani hali. In ka ninka mata nauyi, riƙonta yana ƙaruwa amma bai kai ninki ba. Saboda haka tayoyi biyu masu ɗauke da 400 da 400 sun fi masu ɗauke da 650 da 150 riƙe ƙasa, duk da jimillar ɗaya ce. Ma'ana, ɓangaren da ka ƙara wa tauri shi ka rage wa riƙo. Ka taurara gaba, gaba ne zai fara saki: ka murɗa sitiyari mota ta miƙe abinta. Ka taurara baya, baya ne zai fara saki, ya nemi ya wuce gaba. Kamfanonin mota da gangan suke barin gaba ya riga baya saki, domin direban da ya tsorata ɗaga ƙafa yake yi daga totur, kuma hakan yana dawo wa gaba da riƙonsa. In baya ne ya saki, wannan ɗaga ƙafar ita ke ƙarasa juya motar. Ka tuna ruwan farko na damina, lokacin da ƙurar rani da man da motoci suka zubar suka haɗu suka zama santsi a kan kwalta, ka ɗora motar da bayanta ya ninka tauri sau uku a kan gadar Kwangila, ga tirela a gefe.

Akwai ƙari a taka motar. Tayoyin baya ke ja, kuma akwatin da ke raba musu ƙarfi a 330i ba mai kullewa ba ne, M3, 'yar'uwarta ta gudu, ita aka ba wa wannan. Irin naka, tayar da ta fi sauƙin juyawa ita ke yanke ƙarfin da zai isa ƙasa. Sandar baya mai kauri tana ɗage tayar ciki a kwana, ka ba ta wuta wajen fita, tayar ciki ta yi ta ƙara a banza, fitilar DSC, na'urar da ke hana mota zamewa, ta yi ta ƙiftawa tana yanke maka wuta. Ka kashe kuɗi mota ta ƙara nawa wajen fita kwana.

A gaba kuwa E46 tana da wani sassauci da ya kamata a faɗa. Ƙafar gabanta irin wadda shokozoba da sifirin ke haɗe su zama ginshiƙi ɗaya ce, kuma irin wannan ƙafa in mota ta kwanta sosai, tayar waje takan karkata ta koma tafiya a kan kafaɗarta. Sandar gaba mai ɗan kauri tana rage wannan karkatar, taya ta zauna da faɗinta, har abin da aka samu ya kan rufe abin da aka rasa ta wajen rabon nauyi. Shi ya sa masu wannan motar da yawa ke sa babbar sanda a gaba su ji gaban ya ƙara cizo maimakon ya ragu. In aljihu bai kai biyu ba, ta gaba ita kaɗai ba ta da haɗari. Ta baya ita kaɗai ce ban yarda ba.

Masu Accord da Civic da Golf da ke karanta wannan, ku lissafinku a juye yake. Tayoyin gaba ke ja, nauyin injin da giya duk a gaba, don haka ƙara kaurin ta gaba yakan ƙara wa mota taurin kai ne, ta baya ake ɗan ƙarawa. Ɗan ƙari fa na ce: daga 16 zuwa 19 ma ninki biyu ne. Kuma kada wani ya kwashi lambar wata mota ya kai wa tasa. Tsawon sanda, da tsawon hannuwanta, da inda linkej ya kama a ƙafa, duk suna canza aikin da take yi a taya. A E46 ɗin ma, linkej na gaba jikin shokozoba ya kama, kusan duk motsin taya yana isa ga sanda, na baya kuwa can ciki ya kama a hannun ƙafa. Sandar 22 a wata mota tana iya fin 25 aiki a wata.

Hujin da na ce ka nema, amfaninsu ke nan: suna gajarta hannun sanda ko su tsawaita shi. Hujin da ke can baki shi ne mafi laushi, wanda ya matso ciki ya fi tauri. Hannu mai tsawon milimita 200 in ya koma 180, taurin yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ya ishe ka gyara halin mota da sifana biyu, ba tare da sake sayen komai ba.

Kada kuma ka sa rai kwanciya za ta ragu da rabi don sanda ta ninka. Sifirin ma yana cikin masu hana kwanciya. In muka ƙaddara sanduna ke yin rabin aikin, ninka su sau 1.9 zai rage kwanciya da kusan kashi 30 cikin 100 ne. Ana ji a jiki, amma ba wata mota ce sabuwa ba. Akwai ma hanya mai araha da nake so ka duba kafin kayan waje: E46 ba duka aka yi musu sanda iri ɗaya ba, wasu sun zo da masu ɗan kauri daga kamfani. In ka samu 24 da 19 a wurin masu kayan Baljiyam, a nan Sabon Gari ko Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ƙarin kashi 19 da kashi 24 ke nan, kuma bushin ɗinsu na roba ne na asali. Ga motar zuwa aiki da kai yara makaranta, ni wannan na fi so. Ka tafi da ma'auni. In babu, ka goge sandar a inda take miƙe, ka naɗa mata zare zagaye ɗaya, ka auna zaren ka raba da 3.14. Sandar 24 zarenta ya ɗan haura milimita 75.

To da me za ka fara? Da taya, domin duk wannan lissafin a tafin taya yake ƙarewa. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo da ta shekara bakwai ko takwas robarta ta bushe ko da zanenta na nan, kuma zafin Maris da Afrilu a kan kwaltar Kano ba ya yi mata sauƙi. Ka sa huɗu iri ɗaya, ko aƙalla biyu-biyu iri ɗaya a kowane ɓangare. Iska kuma ka bi takardar da ke jikin ƙofar direba, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, da ma'auninka na kanka. Mai faci da yawa in ka ƙyale shi sai ya kai ta 45 ko 50, ya ce hanya ba kyau. Rim kuwa ka tsaya a inci 17. Taya 225/45 a kan 17 gefenta milimita 101 ne, 225/40 a kan 18 ya koma 90, 235/35 a kan 19 ya koma 82. Wannan gefen shi ne abu na farko da ke shanye bakin rami kafin ya isa rim.

Sai aikin ƙafa. Lowa-am na gaba, wato hannun ƙafa na ƙasa, a wannan motar da bol joyin ɗinsa a haɗe suke zuwa, bushin ɗin da ke bayansa kuma shi ke kawo karkarwar sitiyari lokacin taka birki. Ka canza su, da bushin na bayan da na ambata, da kan shokozoba na baya da ke cikin but, da linkej huɗu, da bushin ɗin sandunan da ke jiki yanzu. Bushin da ya buɗe da linkej mai ƙwas-ƙwas suna cinye motsin farko kafin sanda ta fara aiki, wato kana da 23 amma ba duka kake mora ba. Lemförder da Sachs suna cikin masu yi wa BMW kayan asali, sai dai kwalin jabu ya cika kasuwa, don haka ka sayi mutumin da ka sani kafin ka sayi sunan da ke kwali.

Mota tana kan rami, ka sa a goge ƙasan but da kyau inda gadon ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun baya ya ɗaure da jiki, wurare huɗu, a haska da tocila. E46 ta yi ƙaurin suna wajen tsagewa a nan. In an ga tsaga, duk maganar sanda ta tsaya sai an yi walda an ƙara faranti. Tankin mai yana maƙwabtaka da wurin, kada ka bari mai walda ya kunna wuta kafin a sauke shi.

Shokozoba ne nake zargi da rabin kwanciyar da kake ji, kuma kai da kanka za ka iya rarrabewa. Sanda da sifirin su ke yanke iya inda mota za ta kwanta. Shokozoba shi ke yanke saurin da za ta kai can. In da murɗa sitiyari motar ta faɗa gefe lokaci guda, ta dawo, ta sake komawa kafin ta natsu, shokozoba ne. In a hankali ta kwanta, ta zauna a karkace har ƙarshen doguwar kwana ba tare da lilo ba, wannan aikin sanda ne. Danna mota da hannu a ga ko za ta yi tsalle ba ya nuna komai sai wanda ya mutu murus. Ka duba jiƙewar mai a jikinsa, ka shafa tafin taya ka ji ko ya ci tudu da kwari. Shokozoba na Baljiyam kuwa, wanda aka ciro daga motar da ba ka san tafiyar da ta yi ba, caca ce. Ka sayi sabo. Sachs ko Bilstein B4 suna mayar da mota yadda ta fito. B6 ya fi tauri kuma an yi shi ne don tsayin asali, B8 na motar da aka saukar ne, kada a haɗa ka da shi. Koni mai launin rawaya ana iya daidaita shi. A titunanmu, na asali ko B6 in kana jure ɗan bugu. Sanda mai ninki biyu a kan mataccen shokozoba lilon gefe da gefe kawai take ƙara wa sauri.

Saukar da mota, mu koma ga kilo 400 ɗin nan. Ka sauke ta milimita 30, cibiyar nauyi ta tashi daga 500 ta koma 470, ragin kashi 6 cikin 100, kilo 24. Abin da ka samu ke nan. Abin da ka bayar: milimita 30 daga ɗan filin da ƙafa ke da shi kafin ta daki robar ƙarshe, da milimita 30 tsakanin botom filet ɗinka, wato kaskon man da ke ƙasan injin, da tudun titi, shi kuwa na alminiyom ne, fashewa yake yi ba lotsewa ba. Bugu da ƙari, irin ƙafar gabanka in an sauke ta, lowa-am yana canza kwana ta yadda mota ke ƙara samun sauƙin kwanciya, sai taurin sabon sifirin ya rufe ɓarnar. Koyiloba, wato shokozoba da sifirin masu zaren daidaita tsayin mota, irin masu araha da ake tallatawa a intanet, sun fi wannan muni, tauri ba natsuwa, kuma ƙurar hunturu da ruwan damina suna kashe zaren daidaita su cikin ɗan lokaci. Yanke sifirin ko gasa shi da wuta don ya sauka, wannan ba na ma son jin sa. Abin da za ka duba a sifirin ɗinka shi ne zoben ƙasa na na baya, domin motocin da suka sha gishirin titin Turai sukan zo da shi a karye, mota ta zauna a karkace mai ita bai sani ba.

Bayan duk wannan sai alaimen na ƙafa huɗu, a wurin mai na'ura, ba na zare da ido ba, domin canza bushin na baya yana taɓa saitin tayoyin baya. Ka hau motar mako biyu ko uku haka. Mai yiwuwa ka ga kwanciyar da ta rage ba ta dame ka ba, kuɗin sanda ya tafi ga birki.

In har yanzu kana so, ga yadda za a ɗaura. A ɗaure linkej mota tana tsaye a kan tayoyinta a wuri mai lebur, ba a rataye a jak ba. A nan garejinmu masu rami sun fi masu na'urar ɗagawa dacewa. Linkej ya shiga hujinsa ba tare da an danne sanda da ƙarfi ba, in sai an danne, to akwai abin da ya karkace, a nemo shi. Hagu da dama huji iri ɗaya. A juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbata sanda ba ta taɓa tiyon birki ko wayar na'urar birki ta ABS ba. Sandunan waje yawanci da bushin mai tauri suke zuwa, wanda ba roba ba, kuma yana son giris ɗinsa na musamman mai silikon. A ƙurar Disamba da Janairu zai bushe ya fara kuka, sai an kwance an wanke an sake shafawa, ka sa wannan a lissafinka. Kada a zuba masa baƙin mai. Kada kuma a huda sanda, ko a gasa ta, ko a yi mata walda don ta shiga, domin ƙarfen sifirin ne da aka gasa a ma'auni, wuta tana kashe shi ya karye daga baya.

Ka fara da gaba da baya duka a huji mafi laushi. Gwaji a fili mai faɗi wanda babu kowa, DSC a kunne, ba a titin Samaru da ɗalibai ke tsallakawa ba, ba kuma a babban titi ba, inda dokar gudun ƙananan motoci kilomita 100 ce a awa. Ka yi zagaye a da'ira ɗaya kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan har ka ji ɓangaren da ya fara saki. Gaba ake so ya fara, a hankali. In gaban ya cika turjiya, ka duba iskar taya da alaimen kafin ka matsar da ta baya huji ɗaya ciki. In baya ne ya fara motsi, musamman lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar da'irar, ka matsar da ta gaba huji ɗaya ciki. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a sake gwadawa, sannan a maimaita gwajin a jiƙaƙƙen fili idan damina ta sauka, domin saitin da ya yi daidai a rani yana iya yin yawa a ruwa. In har da hakan bayan bai natsu ba, ka cire 21 ka mayar da 18 ɗinka, ka bar 27 a gaba. Saboda haka tsofaffin sandunan da maƙallansu ka ajiye su a gida, kada yaran gareji su haɗa da su a kayan gwangwan.